Tsaya, Biskit

Ran da motar asibiti ta ɗauki Wilfred
daga gida mai lamba sha tara, a layinmu na Sunderland,
karensa ya bi ta da gudu har shataletale,
ya dawo yana ɗingishi, harshe a waje.
Da dare tsohon ya bugo mini daga gadon jinya:
"Maƙwabci, abu ɗaya na kasa koya masa.
Shekara bakwai ke nan, ba ya tsayawa."

Ni Ɗanjuma, jikan mafarauci ne.
Karnukan kakana ba su san sabulu ba, balle bargo.
A ce musu "Cas!" su ɓace cikin sabara,
su fito da zomo a baki.
Ba wanda ya taɓa roƙonsu su zauna.

Uwargida ta gindaya sharuɗɗa:
iyakarsa bakin ƙofa, kwanonsa daban,
in ya lashi wandona, ni da wanki.

To, na tashi aikin dare, ido kamar garwashi,
na ja shi bakin teku a Roker,
inda iska ke yankan kunne ba wuƙa.
Guntun cuku a aljihu. Na ɗaga tafin hannu.
Turancinsa ya fi nawa,
sai na ce bari mu yi da harshen da nake mafarki da shi:
Tsaya.

Taku ɗaya baya. Ya biyo ni.
Na mayar da shi. Taku ɗaya. Ya biyo ni.
Tsuntsun teku ya gitta, darasi ya watse.
Kwana tara muna abu guda,
ni da kare, ba a san mai koya wa wani haƙuri ba.

Wata tsohuwa mai jar hula, mai karnuka uku,
ta gaji da kallonmu, ta matso:
"Ɗana, kai ke ɓata shi.
Kana yin nisa, sai ka kira shi ka ba shi lada.
Ka koya masa jiran kira ne kawai.
Koma gare shi da ƙafarka,
ka ba shi a inda ka bar shi.
In ya san kana dawowa, zai tsaya."

Na yi shiru, cukun ya narke a hannuna.
Na tuna tashar mota a Funtuwa,
Inna da ƙullin dambun nama a gefen zane,
ni ta taga, tafin hannu a sama:
"Shekara biyu ce kacal, Inna."
Bana sha ɗaya.
Tana nan inda na bar ta, kan tabarmar nan,
ni kuwa sai aike, sai murya ta waya.

Taku uku, na koma. Taku goma, na koma.
Na ɓuya bayan bangon teku ina ƙirga numfashi,
na leƙo: yana nan,
jiki na ɓari, jela na sharar yashi,
idonsa kafe a gurbin da na ɓace.

Ran Talata aka sallamo Wilfred,
da sabon ƙugu na ƙarfe da sanduna biyu.
Tsalle ɗaya zai mayar da shi asibiti.
Biskit ya hango shi, ya saki wani kuka siriri.
Na ɗaga hannu. Na faɗi kalmar.

Daga mota zuwa ƙofa taku ashirin ne,
tsohon ya ci minti huɗu.
Karen bai motsa ba, sai fitsarin murna da ya kufce masa,
har hannu mai rawa ya sauka a kansa.

"Me kake ce masa?" Na maimaita.
Ya gwada, harshensa ya zame: "Saya."
Uwargida ta yi dariya har da riƙe ciki.

Ni ban yi ba sosai.
Da dare, bayan na shanya wandon,
na zauna a matakala da waya a hannu
ina duba kuɗin jirgin Kano.